Yadda Takardar Karan Hatsi Ta Sami Hatimi

A shekarun ƙarshe na aikina, a wani biro, wato ofis, da ke Damagaram, aka kawo mana tsarin da takarda ke zagayawa a cikin na'ura. Mai rubutu ya gama nasa ya danna, sai ta faɗo gaban mai dubawa. Shi ma in ya gyara ya danna, ta wuce wurin na gaba, har ta isa ga wanda zai amince da ita. Ni ce ta biyu a layin. Da safe in na kunna na'urar sai in iske takardu a jere suna jirana, kowace da sunan wanda ya turo ta da wuraren da ya taɓa. Wadda na yarda da ita in sallame ta, wadda ban yarda ba in rubuta dalili in mayar wa mai ita. Matasan biron sun zaci abin zai ba ni wuya, ganin furfura da tabarau, sai suka ga na kama shi nan da nan. Na ce musu aikin ba baƙo ba ne a wurina. Na yi shi a Tanut tun ba a haife su ba, sai dai a lokacin takarda mota take hawa, wani lokaci ma raƙumi.

Ina budurwa aka tura ni Tanut, a ƙarshen shekarun saba'in, bayan na koyi buga mashin ɗin rubutu a Damagaram. Na sauka gidan gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda aure ya kai can tun da daɗewa. Mijinta ya rasu, ita kuwa ta ƙi komawa gida, ta riƙe gonarsa ta bayan gari da 'yan awakinta. Biron da aka ba ni na yaƙi da jahilci ne, ɗaki biyu na laka a bayan babban biron kumandan, wato mai mulkin yankin. Akwai dogon yaro a ƙofa, da randa a gindinsa wadda duk mai wucewa ke sha.

Shugabanmu tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, don haka kowa Mushe yake ce masa kamar yadda ake kiran malamai, har da kumandan. Mutum ne gajere mai sanyin magana, ba ya gaggawar komai sai sallah. Aikinmu shi ne fitar da ƙananan takardu da Hausa domin manyan da ke koyon karatu a ƙauyuka, su sami abin karantawa da ya shafi rayuwarsu: yadda ake tace ruwan tabki, yadda ake adana iri, alamun ciwon da ke kama tumaki. Mushe ne ke rubutawa da hannu, ni in buga. Mashin ɗin na Faransanci ne, ba shi da haruffa masu ƙugiya, saboda haka in na gama shafi sai in bi shi da alƙalami ina lanƙwasa wa kowace ƙa da ɗa da ɓa kanta. Har yau in na ga an rubuta Hausa babu ƙugiya, yatsuna sukan motsa da kansu.

Takarda ba ta fita daga hannunmu kai tsaye. Akan sa ta cikin wani kwali mai ruwan ƙasa da muke kira shamiz, a bayansa an zana gidaje, kowane mai dubawa da nasa inda zai sa hannu. In maganar lafiya ce, ta je wurin likitan gari. In ta gona ce, wurin malamin gona. In ta dawo da gyara, in sake buga ta gaba ɗaya, ta koma ya gani ko an yi yadda ya ce. Sai kowa ya sa hannu sannan ta hau teburin kumandan ya buga mata hatimi. Ƙa'idar kuwa mai tsanani ce: in aka sauya ko da kalma ɗaya bayan mutum ya sa hannu, dole ta koma gare shi. Mushe ya ce wannan ita ce kariyarmu, domin abin da talaka ya karanta a takarda mai hatimi gaskiya yake ɗaukarsa, kuma zai aikata shi a gonarsa ko a kan ɗansa.

Yawancin takardun ba su daɗewa a hanya. Wadda ta ba mu wuya ita ce ta karan hatsi. Mushe ya rubuta ta tun farkon damina ta biyu da na yi a garin, da niyyar ta fita kafin girbi, a gaya wa mutane abin da ya kamata a yi da kara in an cire zangarniya. Da yake maganar ta shafi gona kuma ta shafi dabba, sai aka zana mata gida biyu: na malamin gona da ke nan Tanut, da na likitan dabbobi da ke zaune a Balbeji.

Malamin gona na san shi, don bironsa na kallon namu. Saurayi ne dogo, ɗan manoma daga wajen Falanko, yana yawo a kan ɗan babur ɗinsa mobilet da hular kaba. Da jan fensir yake gyara, yana danna shi har takarda ta kusa hujewa. Likitan dabbobi kuwa ban taɓa ganinsa ba. An ce dattijo ne, ya daɗe cikin makiyayan kwarin Tarka har yana jin Fulatanci da Buzanci kamar a can aka haife shi. Da koriyar tawada yake rubutu, ƙanana ƙwarai, a jere kamar sawun tururuwa.

Malamin gona ne ya fara dubawa. Ya ƙara cewa da an gama girbi a tara karan a ƙone, domin akwai tsutsa da ke kwana a cikinsa duk rani, in ruwa ya sauka ta fito ta cinye sabuwar shuka. Na buga, aka ba direban motar asibiti da za shi Balbeji. Da shamiz ta dawo sai na ga koriyar tawada ta zagaye kalmar ƙonawa, a gefe kuma an tambaya cikin ladabi: in an ƙone, shanun da za su gangaro daga arewa bayan damina me za su ci? An ƙara da cewa kashin da suke bari a gona shi ne takin da manomi ba ya saye. Malamin gona ya karanta a tsaye a gaban teburina, ya zaro jan fensirinsa, ya rubuta cewa shanun ba sa jiran a cire wake, suna shiga tun yana ɗanye. Likita ya amsa da cewa wannan laifin rashin tsai da rana ne, ba laifin saniya ba.

Haka abin ya yi ta tafiya. Kowane zuwa da dawowa sai na sake buga shafukan daga farko, da karbon a tsakani, in bi ƙugiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Shamiz takan tafi a motar 'yan kasuwa, ta dawo a jakar wani mai gadin daji da ke kan raƙumi. Takan zo da yashi a cikin lanƙwasarta. Sau ɗaya ta zo da zoben gindin kofin shayi a kan shafi na biyu. Wata rana kuma na buɗe na iske cuku a naɗe cikin takarda mai tsabta, da ɗan rubutu kore a kai: na mai buga mashin ne, a yi haƙuri da tsofaffi masu gardama. Na kai wa gwaggo muka ci da shayi. Ta ce duk mutumin da ya tuna da yatsun da bai taɓa gani ba, mutumin kirki ne, ko da kuwa ba shi da gaskiya a kan kara.

Ban ce ina jin daɗin maimaicin ba, kafaɗuna sun sha ciwo. Amma na tsinci kaina ina ɗokin dawowar shamiz, kamar yadda ake ɗokin jin ci gaban labari. Babu wanda ya taɓa zagin wani a cikinsu. Malamin gona yakan fara da cewa yana girmama sanin Likita, shi kuma Likita, da ke ce masa ɗansa don ladabi, yakan rubuta cewa ɗansa ya faɗi gaskiya a nan, amma. Daga wannan amma ɗin sai sabon shafi ya buɗe.

Hatsi ya yi bununi, ya fara ɗaukar ido, takarda ba ta sami hannu ko ɗaya ba. Wata safiya Mushe ya zauna ya baza duk bugun da na yi a kan tabarma, ya bi su da kallo ya daɗe. Sannan ya ɗago ya ce da ni, “Ɗiyata, mashin ɗin nan yana ɗaukuwa?”

Na ce yana ɗaukuwa, sai dai da nauyi.

“To, za mu kai shi Balbeji. Mutanen nan in ba su zauna a tabarma ɗaya ba, sai an yi girbin baɗi muna nan.”

Ya roƙi motar biron kumandan, ya shawo kan malamin gona. Wurin gwaggo ne aka ɗan sha fama, don ta ce ba a ba ta amanar ɗiyar wanta don ta riƙa bin maza cikin daji ba. Mushe ya zo da kansa bayan la'asar, ya tsuguna a zaure ya gaishe ta, ya ce uwargidansa ma za ta, tana son sayen man shanu a can. Da jin haka gwaggo ta sauko, har ta ba da nata kwanon a cika mata.

Ban manta wannan hanya ba. Na saba ganin ƙasar yankin, wato Damargu, ja da fari, sai ga ta koriya har iyakar gani. Babu kwalta, sawun mota ne kawai cikin yashi, wani wuri ya rabu biyu direba ya zaɓi wanda ya ga dama. Gonakin hatsi suka yi ta raguwa, ciyawa ta karɓe, tabkuna cike da ruwa, raƙuma na tsaye a ciki har gwiwa. Ni da uwargidan Mushe muna gaba, mashin a cinyata na naɗe shi da zane kamar jariri. Duk ramin da muka faɗa sai ƙararrawarsa ta yi ƙara, ita kuma ta yi dariya. Malamin gona na baya, ya tsai da mu a wata gona ya sauka ya karyo kara biyu uku ya riƙe.

Gidan Likita na gefen gari, daf da shingen da ake yi wa dabbobi allura. Warin magani ne ya fara tarbarmu, da na kananzir ɗin firjin da yake ajiye allurai. Da ya fito sai na ga ba yadda na zana shi a raina ba. Na ɗauka mai irin wannan ƙaramin rubutu siriri ne, ashe ƙato ne mai faɗin ƙirji, da rawani, yana ɗingishi saboda wani raƙumi da ya taɓa harbinsa a gwiwa. Ya rungumi Mushe, ya riƙe hannun malamin gona ya daɗe bai saki ba yana kallon fuskarsa. Sannan ya juyo ya tambaya ko ni ce mai ƙugiyoyi. Na durƙusa na gaishe shi, na yi godiyar cuku.

Ya ce ba za a taɓa takarda ba sai an ci abinci. Matarsa ta kawo tuwon hatsi da miyar kuka da man shanu yana yawo a kai, da fura da nono mai kauri irin wanda ban ƙara sha ba tun daga nan. Bayan azahar ma bai bari an buɗe shamiz ba. Ya ce malamin gona ya zo ya raka shi bakin tabki, akwai garken da zai duba. Suka tafi a ƙasa, dattijo na ɗingishi, saurayi na rage tsawon takunsa. Daga baya malamin gona ya gaya mana abin da ya gani: shanu sun yi ƙiba, amma Likita ya sa shi ya duƙa ya ja ciyawar da hannunsa, ya ga yadda take gajeruwa, saiwarta a sama-sama. Ya ce masa wannan ba za ta kai su tsakiyar rani ba. Shi kuma a nan bakin ruwa ya zaro wuƙa ya tsaga karan da ya karyo a hanya, ya nuna wa Likita tsutsar a kwance cikin ɓargon, ta riga ta rarake shi. Likita ya sa tabarau ya duba da kyau, ya ce bai taɓa ganinta da idonsa ba sai yau.

Da suka dawo aka shimfiɗa tabarma a inuwar gawo. Aka ɗora mini mashin a kan akwatin allurai, na zauna a kan turmi da aka kife. Mushe ya ce ba za a bi tsohon bugu ba, daga fari za a soma, kuma ba zan buga jimla ba sai su biyun sun ce to. Haka aka yi. Ɗaya ya faɗa, ɗaya ya rage ko ya ƙara, Mushe ya mayar da ita Hausar da tsohuwa za ta gane, sannan su dube ni. Wata jimlar takan fito nan take, wata sai an sha shayi a kanta. Suka tsaya a kan cewa ba za a ƙone kara bayan girbi ba. A bari sai an cire hatsi da wake duka, mai gari da shugaban makiyaya su zauna su tsai da ranar sakin gonaki, a yi shela a kasuwa. Dabbobi su ci ganye su tattake sauran. Abin da ya rage a gona in bazara ta yi, kafin ruwan farko, shi ne za a tara a ƙone saboda tsutsa.

Abu ɗaya ne suka kasa daidaitawa, maganar raƙuma. Malamin gona ya ce suna cin ƙananan itatuwan da ake son su girma a gonaki, a hana su shiga. Likita ya ce ba za ka ce wa Buzu shanunsa su shiga raƙuminsa ya tsaya a waje ba. Muryoyi suka fara tashi kaɗan. Mushe ya bari suka gaji, sannan ya ce wannan maganar takarda ce mai zaman kanta, za a yi mata tata shamiz. Suka yarda. Har na bar Tanut ba a rubuta ta ba, kuma ina jin da gangan Mushe ya manta.

Al'adar Mushe ce kafin a sa hannu ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. A ƙofar shingen akwai mutane da suka kawo dabbobi, manoma da makiyaya a gauraye. Ya tsaya ya karanta musu a hankali, Likita na juya wa wasu da Fulatanci. Suka saurara. Wani tsoho ya ce a maimaita wurin tsai da rana, aka maimaita, ya gyaɗa kai. Wata mata mai tunkiya ta tambaya ko karan da aka yi darni da shi ma sai an ƙone, aka yi dariya, malamin gona ya ce a'a, amma ya rubuta tambayar a tafin hannunsa. A kan murfin injin mota suka sa hannu, ja a gida ɗaya, kore a ɗaya. Muka kwana a can, ni da matan a tsakar gida, da sassafe muka kamo hanya da kwanonin man shanu a ƙafafunmu.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Mun iske kumandan ya fita rangadi wajen Tenhiya, daga can kuma aka kira shi Damagaram. Mataimakinsa ya ce shi ba ya taɓa hatimi a kan abin da ya shafi manoma da makiyaya, a jira mai shi. Shamiz ta zauna a kan tebur, mu kuma muna ganin mutane sun fara wasa lauje da magirbi. Mushe kullum da safe sai ya leƙa babban biro, ya dawo hannu banza.

Da kumandan ya dawo, Mushe ya tafi da ni don in riƙe takardun. Soja ne daga yammacin ƙasar, Hausarsa ta kasuwa ce, saboda haka Mushe ya bi takardar yana juya masa da Faransanci. Ya saurara har ƙarshe, ya ce aiki ya yi kyau. Sai dai yana son a ƙara layi ɗaya: in an tsai da ranar sakin gonaki, a sanar da bironsa, don ya tura masu tsaro kafin a sami rikici. Magana ce mai hankali, Mushe ma ya faɗi haka. Amma na ga fuskarsa ta sauya.

“Ranka ya daɗe,” in ji Mushe, “in aka ƙara layi, sai ta koma wurin masu dubawa. Ɗaya yana nan tsallaken fili. Ɗayan yana Balbeji, kuma babu mota sai ranar kasuwa.”

Kumandan ya tambaya wa ya kafa wannan ƙa'ida. Mushe ya ce kumandan da ya gabace shi ne, kuma shi ma wannan kumandan da kansa ya sabunta ta da ya zo. Kumandan ya yi murmushi ya ce to ba shi zai fara karya ta ba. Ya aika aka kira malamin gona, ya karanta layin ya sa hannu nan take. Sannan ya ce mu biyo shi. Muka tsallaka zuwa wurin jandarmomi, inda akwai rediyon da suke magana da sauran garuruwa. Aka kira Balbeji, aka ce a nemo likitan dabbobi duk inda yake. Muka zauna a benci muna jira, kumandan na shan taba a ƙofa. Can sai akwatin ya yi ta ƙara kamar ana suyar gujiya, muryar Likita ta fito daga ciki, tana zuwa tana ɓacewa.

Mushe ya ce ni zan karanta, tun da ni na buga. Na riƙe abin maganar, na karanta layin sau biyu. Akwatin ya yi ta ƙara har na zaci ya katse. Sai muka ji ya ce, “Ɗiyata, a sa masu tsaro su zo da safe, ba da rana tsaka ba, lokacin an riga an yi faɗan. In an ƙara wannan, na yarda.”

Kumandan ya dubi malamin gona, shi kuma ya ce ya yarda, yana ƙoƙarin ɓoye dariya. A gidan sa hannun Likita da ke bayan shamiz kumandan ya rubuta da hannunsa cewa an amince ta rediyo, a gabansa. Na koma na buga shafin ƙarshe, kafin la'asar hatimi ya sauka.

Washegari muka shiga aikin roniyo, injin da ake juyawa da hannu yana fitar da kwafi. Na buga takardar a kan istansil, wata takarda mai santsi kamar an shafa mata kaki, na bi ƙugiyoyin da tsinin ƙarfe a hankali don kada ta yage. Mushe ya naɗe hannun riga yana juyawa, ni ina kwashewa ina shanyawa a kan tabarma. Tawada ta ɓata mana hannu har gwiwa. Malamin gona ya shigo ya taya mu haɗa shafuka, ya ɗebi nasa kaso ya ɗaure a bayan mobilet.

Takardar ta fita a makare. A ƙauyukan kudu an riga an yi nisa da girbi, wasu ma sun ƙone karansu kamar yadda suka saba. Ba zan ce takardar ta sauya Damargu ba. A wasu garuruwa an tsai da rana an yi shela, abin ya zauna har shekaru. A wasu kuwa an karanta ta a ajin dare, aka ninke, aka ci gaba da faɗa kamar da. Na kai wa gwaggo ɗaya na karanta mata tana tsinke zogale. Ta saurara har ƙarshe, ta ce duk sun yi ƙoƙari, amma ita karanta gida za ta kwaso wa awakinta, mai son ƙonawa ya ƙone nasa.

Tun daga wannan tafiya malamin gona ya riƙa zuwa Balbeji ko babu aiki, yakan kwana biyu a gidan Likita. Gardamarsu a gefen takarda kuwa ba ta ragu ba ko kaɗan, sai ma ta ƙaru, don yanzu sun san juna, ba sa ɓata wuri wajen dogon ladabi. Ni ma Mushe ya zana mini ɗan gida a bayan shamiz, domin duba rubutun Hausa, ya ce tun da ni ke bin kowace kalma, ya kamata hannuna ya fito. Takarda ta farko da na mayar tasa ce, ya karɓa ya gyara.

Farin da aka yi a tsakiyar shekarun tamanin ya tsufar da Likita. Garkunan da ya yi rayuwarsa yana yi wa allura sun ƙare a gabansa, makiyayan da ya sani da sunayen shanunsu suka watse kudu. Ba a daɗe ba ya ajiye aiki. A hanyarsa ta komawa garinsu ya tsaya Tanut, ya shigo bironmu, karonsa na farko. Ya rame, rawanin ya yi masa yawa. Ya zauna a kujerata ya ce shekara da shekaru yana aiko wa wannan mashin aiki, yau yana son ya ji yadda yake. Na sa masa takarda. Ya ɗaga yatsa ɗaya mai kauri ya daɗe yana neman harafi, da ya danna sai biyu suka tashi tare suka sarƙe. Ya yi dariya har da tari, ya ce lallai ya zalunce ni.

Mushe ya aika aka sayo nama, malamin gona ya zo, muka ci a gindin dogon yaro. Suka yi hirar mutanen Tarka, waye ya dawo, waye ba a ji labarinsa ba. Da aka kira la'asar suka yi alwala a bakin randa suka yi sallah tare. Sannan muka raka shi tasha, malamin gona na ɗauke da akwatinsa a ka. Motar kaya ce, an ba shi gaba saboda ƙafarsa. Ya sa mana albarka ɗaya bayan ɗaya ta taga, ya ce in gaida gwaggo. Muka tsaya har motar ta sha kwana a bayan kasuwa, sannan muka juyo, don an kusa tashi kuma ban rufe biro ba.